WA KE AUNA ABINCIN TALAKA?

 Maganarmu ta wannan mako a kan awo ce.

Kowa ya san awon kasuwa. In ma'auni ya bubbuge gindin tiya don ta rage ci, nan da nan magana za ta kai gaban Sarkin Kasuwa. In aka cika bakin buhu da tsaba aka sa tsakuwa a ƙasa, mai saye ya san inda zai kai ƙara. To, amma akwai wani awo na biyu wanda ya fi wannan muhimmanci, shi ne awon gubar da ke ɓoye cikin abinci. Malaman kimiyya sun daɗe da gano hanyarsa. Jami'o'in ƙasarmu suna koyar da shi, suna ba da digiri a kansa. Turawan da ke sayen amfanin gonarmu ba su karɓar buhu guda sai sun yi shi. Mutum ɗaya ne rak wannan awo bai iso gare shi ba, watau talakan da ya noma abin, ya kai kasuwa, ya kuma ci saura da iyalinsa.

Ra'ayinmu shi ne, lalle ilmin nan ya sauko daga bene ya shigo kasuwa. Mutumin Fakuwa da na Kafin Dangi da na Rimaye da na Kusada yana da hakkin ya san abin da ke cikin waken da ya auna, kamar yadda mutumin London ya ke da shi. Ga dalilanmu.

TALO-TALON INGILA DA GYAƊARMU

A cikin shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, ba a san abin da ya kashe su ba. Da aka bi sawu sai aka tarar dukansu sun ci abinci iri guda, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga ƙasar Brazil. A 1961 masu bincike suka gane mai laifin. Ashe wata fumfuna ce mai kama gyaɗa da masara, ita ce ke zuba dafi cikin ƙwayar. Aka raɗa wa dafin suna afalatoksin. Da suka ci gaba da gwaji kuwa sai suka same shi cikin gyaɗar ƙasashe da yawa, har da ta Nijeriya.

Ku tuna fa zamanin dalar gyaɗa ke nan a Kano, gyaɗa ce uwar kuɗin Gwamnatin Jihar Arewa. Saboda haka ba a yi barci ba. A Samaru ta Zariya waɗansu malamai biyu, McDonald da Harkness, suka duƙufa kan al'amarin, suka fara buga abin da suka gano tun daga 1963. Sun nuna cewa gyaɗar da aka cire kan kari, kwansonta lafiya lau, aka shanya ta bushe da wuri, da wuya a sami dafin a cikinta. Wadda ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna, da wadda gara ta huda, da wadda fartanya ta sare, da wadda aka tara da danshi, su ne gidan fumfuna. Yau shekara sittin ke nan da 'yan kai da aka san wannan a ƙasarmu. Manomi nawa aka zaunar aka gaya wa?

An tsince mai kyau an sa a jirgi zuwa Turai. Ɓarzajjiya da yamusasshiya da mai ɗaci kuwa, ina ta nufa? Kowa ya san amsa. Ita ce mai araha, ita a kan saya a yi ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunun yara.

Dafin nan kuwa ba abin wasa ba ne. Masana ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa shi a layin farko na abubuwan da aka tabbata suna jawo sankara, sankarar hanta kuwa. In mutum yana ɗauke da cutar hanta wadda likitoci ke kira B, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, haɗarin ya ninka ƙwarai. Binciken da aka yi a ƙasashen Binin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da dafin ya fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta saboda cin masara mai fumfuna, 125 suka riga mu gidan gaskiya. Wani abin tsoro kuma, dafuwa ba ta kashe shi, suya ma ba ta gamawa da shi.

IDO BA MUDU BA NE

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A wannan wuri kam ido bai san kome ba. Dokar ƙasashen Turai ba ta yarda dafin nan ya wuce kashi 4 cikin kashi biliyan a gyaɗar da mutum zai ci ba. Amurka ta tsayar da nata a kashi 20. Don ku gane ƙanƙantar abin, kashi 4 cikin biliyan kamar a ɗauki ƙwarar sukari guda ne a niƙa, a barbaɗa ta cikin buhu 10,000 masu cin kilo 100. Wane ido zai ga wannan? Wane harshe zai ɗanɗana shi?

To, yaya malaman ke yi? Bari mu faɗa a taƙaice, don kada a riƙa ruɗa mu da manyan kalmomi. Su kan ɗebi samfur daga wurare dabam dabam na buhu, su niƙa, su jiƙa cikin wani ruwan magani mai jawo gubar waje. Sa'an nan su ɗiga ruwan a gindin wani faranti mai shafen farar hoda, su bar shi ya hau kamar yadda kananzir ke hawan lagwani. Kowane sinadari da irin saurinsa, saboda haka wani ya kan tsaya kusa, wani ya yi nisa, da haka su ke rabuwa. In aka haska farantin da wata fitila ta musamman cikin duhu, sai tabon afalatoksin ya yi ƙyalli shuɗi ko kore. Wani Barashe mai suna Tsvet ne ya fara wannan dabara ta raba sinadarai tun farkon ƙarni na 20, waɗansu Turawan Ingila biyu, Martin da Synge, suka kyautata ta har suka ci lambar Nobel a 1952. Manyan injunan da ke ɗakunan gwaji yanzu jikokin wannan dabara ne, sai dai sun fi sauri, sun fi kaifin gani. Akwai kuma injin da ke ƙona ruwan samfur cikin harshen wuta, ya karanta yawan dalma ko wani ƙarfe ta hanyar hasken da ya sha.

Waɗannan injuna suna da tsada, suna son lantarki mai tsayawa da ƙwararren ma'aikaci. Amma bincike bai tsaya nan ba. An ƙago wani ɗan tsinken takarda, kamar wanda a ke gwajin zazzaɓin cizon sauro da shi a asibiti. A niƙa gyaɗa ko masara, a jiƙa, a tsoma tsinken, cikin 'yan mintoci layi ya fito ya faɗi ko akwai dafi. Akwai wani inji kamar tocila wanda a kan ɗora bisa ƙasa ko garin hatsi ko tukunya, ya nuna dalma nan take. Gishirin buromet da waɗansu masu gidan burodi ke sawa don burodi ya kumbura, wanda Ingila ta hana tun 1990, Hukumar NAFDAC kuma ta hana a zamanin da Dora Akunyili ke shugabanta, shi ma da 'yan ɗigon magani a kan gane shi, launi ne kawai ke juyawa. Ɗalibin da ya gama makarantar sakandare zai iya koyon waɗannan gwaje-gwaje. Kada wani ya ce mana abin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma.

MAGANAR WAKE

Ba abin da ya shafe mu a ƙasar Kankiya da Kusada kamar wake. Shi ne naman talaka. Da shi a ke ƙosai da alale da ɗanwake da garau-garau, shi ne kuma abin da manomi ke ajiyewa ya sayar da bazara in ya yi tsada. Maƙiyinsa kuwa ƙwaro ne. Buhun da aka bari haka nan, kafin wata uku ko huɗu ya huje ya zama gari. Saboda haka mutane suka koma zuba masa fiya-fiya da Sniper. Sinadarin da ke ciki sunansa dikulobos. An yi shi ne don kashe ƙwari, yana kuwa kashe su ta hanyar birkita jijiya. Jijiyar ɗan Adam ma haka ya ke yi mata. Alamominsa su ne dalalar miyau, da amai, da zawo, da tsukewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi.

A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalilinsu shi ne, iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce cikin kowane kilo, amma waken da a ke kai musu daga nan yana ɗauke da 0.03 har zuwa 4.6. Na ƙarshen nan ya ninka iyakar sau 460. Suka ƙara wa'adin hanin a 2016, suka sake ƙarawa a 2019.

Manyanmu suka yi ta kuka a kan asarar kuɗin waje da zubewar mutuncin ƙasa. An yi taro, an naɗa kwamiti. Mu kuwa tambayarmu dabam ce. Waken da aka kai Turai ai ba a wata gona ta musamman aka noma shi ba. Daga ƙauyukanmu ya tashi, ya bi kasuwanni irin su Charanci da Dawanau, ya shiga sito ɗaya da wanda a ke auna mana. In wanda aka zaɓa don Bature yana da wannan guba, yaya wanda aka bari a gida? Da Turai ta rufe ƙofa, wa ya cinye sauran? Bature ya tsira domin yana da mai awo a bakin tasharsa. Mu ba mu da kowa a bakin tukunya.

Sai a 2018, da hoton wani mai sayar da wake yana zuba masa Sniper ya bazu a wayoyin mutane, hukumar kare masu saye ta yi gargaɗi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Madalla da wannan. Amma hani ba tare da awo ba, ai kamar a kafa dokar tiya ne a kasuwar da babu tiyar gwaji.

SAI AN MUTU A KE AUNAWA

Ku dubi abin da ya auku a maƙwabtanmu Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara suka yi ta suma suna mutuwa, ana tsammani zazzaɓi ne ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jinin yaran suka aika ɗakin gwaji a Jamus, sai ga shi dalma ce. Dutsen zinariya da a ke kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, shi ke ɗauke da ita. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi hannun yara, ta shiga hatsi da tuwo. Yara 400 ko fiye suka rasu, dubbai suka sha magani. Bayan nan ne aka zo da injin nan mai kama da tocila ana bi gida gida a Dareta da Bagega. Injin ya riga wannan masifa zuwa duniya. Ƙauyen ne bai taɓa zuwa ba. A 2015 kuma irin wannan ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Ku dubi Kano a watan Maris na 2021. Mutane suka sha lemon da aka haɗa da abin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Ɗaruruwa suka kwanta asibiti suna fitsarin jini, waɗansu suka rasu. Da NAFDAC ta auna sai ta ba da sanarwa cewa wani sinadarin masana'anta ne mai guba, ba na abinci ba. Mai haɗa lemon nan talaka ne ɗan'uwanmu, ya sayi farar hoda a kan amana. Ba shi da hanyar rarrabe wannan farar hoda da waccan.

A duk wuraren nan ilmin yana nan, kayan aikin suna nan, amma sai bayan an haƙa kaburbura su ke isowa. An ce rigakafi ya fi magani. Mu ko maganin ma a makare ya ke zuwa.

INA SAKAMAKON BINCIKEN?

Kada a ce malamanmu ba su aiki. Suna yi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-ma nan kusa da mu, malamai da ɗalibai su kan shiga kasuwa su sayi burodi da gyaɗa da hatsi da kayan miya su auna. An auna ganyen da a ke ba ruwan Jakara da na Challawa a Kano, inda ruwan majema da na masana'antu ke kwarara. An auna na lambunan Ƙofar Marusa a Katsina. An rubuta takardu tuli a kan dalma da sauran ƙarafa masu guba.

To, sa'an nan fa? A rubuta da Turanci mai kauri, a buga a mujallar da ko akawu ba ya ganinta, ɗalibi ya sami digiri, malami ya sami ƙarin girma, a ɗaure littafin da baƙar bango a jera a kanta, ƙura ta rufe shi. Matar da aka sayi ƙuli-ƙulinta aka auna, wa ya komo ya gaya mata abin da aka gani? Ta ci gaba da ba 'ya'yanta da 'ya'yan mutane, ba ta sani ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Albashin malaman nan daga baitulmali ya ke fitowa. Gine-ginen gwaji da kuɗin bincike da yawa daga asusun TETFund ne, wanda a ke tarawa daga harajin kamfanoni, kamfanoni kuwa a kan farashin kayan da mu ke saye su ke mai da shi. Kowa ya ci ladan kuturu, lalle ya yi masa aski. Ba malamai kaɗai mu ke zargi ba. Tsarin da ke ba su girma saboda yawan takarda, ba ya tambayar ko takardar ta ceci rai guda, shi ne babban mai laifi, masu mulki ne kuwa ke riƙe da shi.

Ingila ma ta taɓa zama haka. Wajen 1850 a kan sa alif cikin burodin London, a sa jar dalma cikin garin barkono don ya yi ja. Wani likita mai suna Hassall ya bi kantuna ya sayi samfur fiye da 2,000 ya duba. Bai ɓoye sakamakon a kanta ba. Daga 1851 zuwa 1854 mujallar Lancet ta riƙa buga shi tare da sunan kowane kanti. A 1858 kuma alewa mai guba ta kashe mutum wajen 20 a garin Bradford. Jama'a suka tashi, majalisa ta yi doka a 1860, ta ƙara mai ƙarfi a 1875, har ya zama gundumomi suna da ma'aikacin da aikinsa ke nan, awon abincin kasuwa. Watau ba injin ne kaɗai ya gyara abincin Ingila ba. Gaya wa jama'a ne ya gyara shi.

AMSA GA MASU SHAKKA

Mun san akwai 'yan kasuwa da za su ce, wannan ai wata sabuwar hanyar tatsa ce. Gobe wani zai zo da riga mai tambari ya ce wakenka da guba, ko ka ba da na goro ko ya kwashe. Tsoron nan yana da tushe, ba wanda ya zauna kasuwa da zai ce bai san irin wannan ba. Amma ku duba da kyau. Mai karɓar na goro da duhu ya ke aiki. Yau in ya ce kayanka ba su da kyau, da me za ka ƙaryata shi? In kuwa awon a fili a ke yi, a gaban Sarkin Kasuwa da wakilan ma'auna, layi ya fito kowa ya gani, to, ɗan kasuwa mai gaskiya ya sami shaida. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Waɗansu za su ce, kakanninmu sun ci gyaɗa da wake ba su mutu ba. Kakanninmu da toka da yashi da barkono su ke ajiye wake a rumbu, ba su san fiya-fiya ba. Fumfuna kuwa tana nan tun zamaninsu. Mutum nawa cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka ce sammu ne?

Waɗansu kuma za su ce, mai yunwa ba ya zaɓe, ku bari a ƙoshi tukuna. Lalle tsadar abinci ta kai mutane bango. Amma ita ce ma ta sa talaka ke sayen mafi araha, mafi araha kuwa shi ya fi haɗari. Mai kuɗi yana da zaɓi. Wanda ba shi da zaɓi shi ya fi bukatar a auna masa.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, Tsarin Mulki na 1999 ya danƙa kula da kasuwanni da mayanka da wuraren sai da abinci a hannun ƙananan hukumomi. Suna karɓar kuɗin rumfa da na tebur kowace ranar kasuwa. Muna neman Ƙaramar Hukumar Kankiya da ta Kusada kowace ta ware wani kashi na wannan kuɗi ta sayi kayan gwaji masu sauƙi, ta kafa teburin awo a manyan kasuwanninta, kyauta ga mai saye da mai sayarwa.

Na biyu, ga makarantar koyon aikin lafiya nan cikin garin Kankiya. A haɗa ta da jami'o'in Katsina da Dutsin-ma, a koya wa ma'aikatan duba-gari wannan aiki. Samfurin da ya nuna alamar guba a aika shi babban ɗakin gwaji a tabbatar, kafin a hukunta kowa.

Na uku, duk binciken da aka yi da kuɗin jama'a a kan abincin jama'a, a tilasta a fassara sakamakonsa da Hausa cikin shafi guda, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kasuwar da aka ɗebi samfurin. Kada a ba da digiri sai ɗalibi ya komo ya yi wa mutanen bayani.

Na huɗu, a fara daga sama. A auna sito kafin tire. Mai tara buhu dubu yana fesa musu magani, da mai shigo da hoda ba takarda, su ne za a buga sunansu. Mai tiya biyu a bakin hanya a fara yi masa gargaɗi, a nuna masa hanya, a tambaye shi inda ya saro.

Na biyar, a kawo abin da zai maye gurbin gubar. Binciken da ya gano cutar ya gano maganinta. Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincike na Kamaru da na Maraɗi sun fito da buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu ciki, buhu ɗaya waje. In aka ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, watau ƙwayar dawa da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta da dafi. A watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu ko uku kafin amfani ya yi fure, sai mai kirkin ta kore mugunyar, dafin ya ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Gwamnatin da ke iya rabon taki gabanin zaɓe tana iya kawo waɗannan kan farashi mai sauƙi.

Mu ma akwai namu. Mu cire gyaɗa kan kari, mu shanya ta bisa tabarma ko leda, kada a kan ƙasa. Mu tsince mai baƙi da mai ɗaci da yamusasshiya mu ƙona, kada mu ba yara, kada mu ba dabbar da a ke tatsa, gama dafin yana bin nono. Waken da ke warin magani kada mu saya kome arharsa. Ƙungiyoyin ma'auna su yi wa kansu doka tun kafin a yi musu, domin wanda ya zuba guba a buhu bai san gidan da buhun zai sauka ba. Wataƙila gidan surukinsa ne, wataƙila makarantar da ɗansa ke kwana.

Kansila zai zo neman ƙuri'a, ciyaman zai zo, ɗan majalisa zai zo. Ku bar su su gama jawabi, sa'an nan ku ɗebo wake cikin tiya ku miƙa musu, ku ce: ranka ya daɗe, wa ya auna wannan? In ya kawo amsa, ku riƙe shi a kanta. In ya yi dariya ya wuce, kun san nauyin ranku a wurinsa.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga abin da ido ba ya gani, amin. Sai mako mai zuwa.